Zoben Tagulla a Idon Auta

Ko da tsufa zai kwashe min sunayen mutane da na garuruwa, ba na jin zai iya kwashe abin da ya sami gidanmu a shekarar da murmushi ya maƙale a fuskar ƙanwata. Shekaru sun ja tun lokacin, na yi aure na haihu, amma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A unguwar Minanata muke zaune. Baba direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Kalambaina zuwa garuruwa, saboda haka kwanansa a gida ba shi da yawa. Mu biyu Allah ya bar wa iyayenmu, ni da ƙanwata wadda kowa ke kira Auta. Ni ina koyarwa a wata firamare, ita kuma ta gama sakandare tana zanen lalle. Ba don ƙanwata ce ba, amma hannunta ba ya kuskure. Daga Gidan Igwai da sauran unguwanni ake zuwa ɗaukarta a keke Napep ta je ta yi wa amare zane. Yarinya ce mai shiru, in tana aiki ko numfashinta ba ka ji.

A hannun nan abin ya fara. Wata rana ta dawo daga gidan biki da wuri, ta ajiye kayanta ta zauna. Na tambaye ta lafiya, ta ce ta ɓata wa amarya hannu, layin ya ƙi miƙewa. Na yi mata dariya na ce gajiya ce. Bayan 'yan makonni sai ta fara zubar da shayi in ta ɗaga kofi. Daga nan maganarta ta yi nauyi, kamar wadda ta cika baki da tuwo mai zafi. Halinta ma ya juya. Auta da ba ta iya ɗaga wa kaza murya, ran nan ta yi jifa da kwano don kawai Inna ta ce ta share tsakar gida, sannan ta zauna tana kallon kwanon kamar ba ta san wanda ya jefa shi ba.

Sai murmushin ya zo. Leɓenta na sama ya ɗage, haƙora a waje, bakin ya ƙi rufuwa. Da farko yana zuwa yana tafiya, daga baya ya zauna. Ranar da na gane ba ita ke yin sa ba, rasuwa aka yi a layinmu, muka shiga gaisuwa da hantsi. Ɗaki cike da mata, kowa ya sunkuyar da kai. Na waiga na ga Auta a gefena tana washe baki, hawaye na gangarowa suna shiga cikin murmushin. Idanunta kuka suke yi, bakinta dariya. Matar da ke kusa da ita ta janye tabarmarta a hankali, wata ta ja ɗanta ta rufe masa fuska da mayafi. Na kama hannunta muka fito, ba wanda ya ce mana mu gai da gida.

Da muka koma na gaya wa Inna. Ta ci gaba da tsince shinkafa, amma na ga tana tsince mai kyau tana zubarwa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na san murmushinga. Na taɓa ganin shi."

A ranar na fara jin labarin kawuna, yayan Inna, wanda ba a taɓa ambaton sunansa a gidanmu ba. A ƙauyensu ne, can bakin fadama inda suke noman shinkafa. Saurayi ne mai ƙarfi, sai hannunsa ya fara rawa har ya kasa riƙe lauje. Sai bakinsa ya buɗe da irin wannan dariyar. Daga ƙarshe idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ya rasu yana murmushi. Mutanen ƙauye suka ce ya yi gamo ne a gindin wata tsamiya da ke bakin ruwa. Inna tana yarinya a lokacin, ita ke kai masa fura.

Da labari ya kai ƙauye, kakarmu ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ta hau mota ta zo. Da azahar ta iso. Auta na zaune a ƙofar ɗaki ta ba mu baya, an ɗaura mata tsumma a wuya saboda yawu. Iya ta zagaya ta leƙa fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta koma bayanta ta tsaya. Sai ta kira sunan ɗanta da ya rasu, a hankali, yadda uwa ke kiran ɗa ya zo ya ci abinci. Auta ba ta taɓa jin sunan nan ba. Amma wallahi sai ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta dubi Iya da wannan murmushin. Iya ta zauna a ƙasa daɓas ta ce, "Shi na. Abin da yac ci shi na yad dawo." Bayan shekaru na tambayi Auta me ya sa ta juya. Ta ce ita ba ta tuna an yi haka ba. Ni dai ina tsaye a wurin, kuma rana tsaka ce.

Daga nan gidanmu ya koma gidan hayaƙi da rubutu. An yi ruƙiyya, an yi sauka, an yi sadaka. Malamin da ke zuwa mutumin kirki ne, shi da kansa ya ce wa Baba a haɗa da asibiti. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, aka ba ta ƙwayoyin da suka sa jikinta ya ƙara sandarewa. Muka daina. Maƙwabta suka rage shigowa. Yara in sun zo wucewa ta ƙofarmu sai su ruga.

Ni ce mai yi mata wanka da kwalliya, don ba na son ta zauna kamar wadda aka yar. Wata Asabar da hantsi na zaunar da ita kusa da taga zan sa mata kwalli. Hasken rana ya shigo ta gefe ya faɗa cikin idonta. Na ja fatar idon ƙasa, sai na ga wani abu. A bakin baƙin idon, daidai inda ya haɗu da fari, akwai zobe siriri, launinsa tsakanin ruwan zinari da kore, irin launin tsohuwar munduwa. Na duba ɗayan, shi ma haka. Idon da na sani tun tana jaririya ne, amma an yi masa da'ira kamar da gangan. Tana kallona ta cikin zoben, bakinta a buɗe, sai na ji kamar akwai wani a bayan idon yana leƙena. Kwalbar kwallin ta suɓuce daga hannuna.

Ban gaya wa Inna da Iya ba, don na san abin da za su ce. Sai na tsallaka gidan da ke kallon namu, wurin wata dattijuwa Kirista 'yar Filato da ta yi ritaya daga aikin jinya. Mama muke ce mata, kuma ita kaɗai ce ba ta daina shigowa gidanmu ba. Ta zo da 'yar tocila ta haska idon ta gefe, ta girgiza kai.

"'Yata, ni ban san wannan ba," in ji ta. "Amma abin da ido ya nuna, likitan ido ya kamata ya gani. Ki shirya ta, Litinin zan raka ku."

Muka je babban asibiti. Likitar idon mace ce mai fara'a, ta tarbe mu da wasa, ta ɗora haɓar Auta a kan wata na'ura mai fitar da siririn haske. Tana leƙawa sai wasan ya tsaya. Ta daɗe shiru. Ta tashi ta kira wani likita, shi ma ya leƙa, suka yi magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Sannan ta juyo gare ni.

"A danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwon yana matashi? Ko wanda shawara ta kashe, cikinsa ya kumbura?"

Ban gaya wa kowa a asibitin labarin Kawu ba, ko Mama ba ta sani ba. Matar nan ta leƙa idon Auta ne kawai ta hango mutumin da aka binne tun kafin a haife mu. Na ce akwai. Ta tambaya ko Inna da Baba 'yan uwa ne, na ce auren zumunci ne. Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke da ita?" Na ce e. Ta nuna min kujerar da Auta ta tashi daga kai.

"Ke ma zauna."

Na ce ai ni lafiyata ƙalau. Ta ce ta sani, in zauna dai. Na ɗora haɓata a wurin, ƙarfen da ɗumin Auta a jikinsa. Haske ya shiga idona. Ina jin ƙarar fanka, ina jin Auta na haɗiyar yawu a bayana. Sai likitar ta yi irin shirun da ta yi ɗazu.

"Ke ma ya fara," ta ce. "Kaɗan ne, daga sama. Allah ya so ki."

Aka tura mu wurin likitan hanta da na jijiyoyi. Aka ɗebi jininmu, aka ba kowaccenmu jarka ta tara fitsarin yini da kwana, aka aika Legas. Da sakamako ya dawo, likitan ya zaunar da mu har da Baba ya yi mana bayani. Ya ce a cikin abincin da kowa ke ci akwai ɗan sinadarin tagulla, wato jan ƙarfe, kuma jiki na bukatar kaɗan, sauran hanta ke zubar da shi. To mu an haife mu da hantar da ba ta iya zubarwa. Tun muna jarirai yake taruwa, ya cika hanta, ya malala zuwa ƙwaƙwalwa da ido. Gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye yake fitowa a jikin ɗa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ya ce akwai magani, fenisilamin, wanda ke shiga jini ya cafke tagullar kamar yadda maƙeri ke cafke ƙarfe da awartaki, ya fito da ita ta fitsari. Za mu sha shi har ƙarshen rayuwa. Ya hana mu hanta, da gyaɗa da ƙuliƙulinta, da awara, da cakulan. Sannan ya yi gargaɗi: wasu masu ciwo irin na Auta sukan ƙara rikicewa a farkon shan maganin kafin sauƙi ya zo, don ƙarfen da aka tayar yana yawo a jini. Muka ce mun ji. Ashe ji daban, gani daban.

Daga Legas aka kawo maganin. In ka buɗe kwalbar wari ke tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Muka fara sha tare, da safe kafin mu ci komai. Na tuna ina leƙa fitsarina a fo ina neman ƙyallin ƙarfe, ban ga komai ba. Ni maganin bai yi min komai ba sai ɗan tashin zuciya da ɗaukewar ɗanɗano. Auta kuwa, cikin 'yan makonni ta zube. Maganar da ta rage mata ta ɗauke gaba ɗaya. In ta ɗaga hannuwa sai su riƙa bugawa sama da ƙasa kamar fukafukan kazar da aka yanka. Kunu ma da ƙyar yake wucewa. Murmushin ya ƙara faɗi har dasashinta ya bushe, sai ina shafa mata mai.

A kwanakin nan na ƙi madubi. In na zauna gabanta ina ba ta kunu da cokali, sai in ga kamar kaina nake ba wa. In alli ya suɓuce min a aji, sai in tsaya ina kallon yatsuna, yara na kallona. In wani ya ba ni dariya, sai in yi maza in taɓa bakina in tabbatar ya rufu. Abu ɗaya ne a jikinmu, ƙwaya ɗaya muke haɗiya, ita tana nitsewa ni ina tsaye a bakin ruwa.

Iya ba ta koma ƙauye ba. Kullum tana zaune a kan tabarmarta tana jan carbi, tana cewa, "Ba a korar shi da ƙwaya. Kun taɓa shi, ya husata." Ran wata Juma'a Baba ya dawo daga tafiya, ya shiga ya ga Auta, ya fito idonsa jawur. Bayan an sauko daga masallaci sai ya zo da motar haya. Ya ɗauki kwalbar maganin daga kan taga ya jefa a aljihun rigarsa.

"Ku haɗa mata kaya," ya ce. "Ƙauye za mu. Da ƙahwahunta tat tahi asibitinga, yanzu ko zama ba ta iyawa. Ba ni barin a kashe min ɗiya ina kallo."

Na ce, "Baba, likita ya hwaɗi haka za ta hwaru."

"Likita ya haihe ta?"

Ban taɓa musu da Baba ba, kuma gaskiya ni ma zuciyata ta raunana. Ya shiga ɗaki ya sunkuya zai ɗauke ta. Sai hannun nan nata mai bugawa ya tashi, ya yi ta kai-kawo a iska, ya faɗa kan rigarsa ya damƙe aljihun. Baba ya yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsun, suka ƙi. Tana wani gurnani a maƙogwaro, idanunta a kaina. Iya daga ƙofa ta ce ba ita ba ce, abin da ke jikinta ne. Ni kuma na san ita ce. Amma ba ni na tsayar da Baba ba. Inna ce, wadda tunda nake ban taɓa jin ta katse shi ba.

"Malam, aje ta," ta ce. "Hanyar ƙauye na bi ta da yayana, na ga inda tat tsaya. Ni nir riƙe mai kai. Wagga hanya ban ga ƙarshenta ba tukuna. A bar ni in gani."

Baba ya dubi Inna, ya dubi surukarsa. Iya ta sunkuyar da kai, carbinta ya tsaya. Sai ya zaro kwalbar ya miƙa min, ya fita ya sallami mai mota. Washegari muka koma wurin likita. Ya rage mata yawan maganin sosai, ya ce za a riƙa ƙarawa sannu a hankali, daga baya kuma ya haɗa mata da wani wanda ke hana hanji ɗaukar tagulla daga abinci. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce mu yi haƙuri, mu yi addu'a, kada mu tsallake ko rana ɗaya.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, muna nan jiya i yau. Sai dai a hankali na lura tsumman wuyanta ya daina jiƙewa da wuri. Sai ta fara riƙe kofi da hannu biyu. Wata safiya na kawo mata kunu, ta kurɓa, sai na ga leɓunanta sun haɗu, goshinta ya tattare. Auta ta ɓata rai. Na ƙwala wa Inna kira, ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Muka tsaya muna kallon fuskar nan a murtuke kamar an yi mana albishir da kujerar Makka. Auta ta dube mu, ta buɗe baki da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya ta ce, "Ba... sukari." Inna ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta yi ba tun farkon ciwon.

Ba ta dawo yadda take da ba. Har yanzu hannunta na hagu na rawa in ta gaji, maganarta kuma tana da ɗan ja. Ta bar zanen amare, tana da ɗan shagon turare da atamfa a Gidan Igwai, kuma in kana son ka ga ciniki ka je ka taya kayanta. Ni ciwon bai taɓa kwantar da ni ba. Kafin in yi aure na gaya wa mijina komai, kuma duk ɗan da na haifa sai an gwada shi.

Iya ta koma ƙauye bayan Auta ta fara takawa. Ranar da za ta tafi ta kira ni gefe, ta ce in nuna mata kwalbar. Ta jujjuya ta a tafin hannunta, ta buɗe ta sansana, ta yamutse fuska.

"Ashe abin da yac ci min ɗa, ga girman maganinai," ta ce. "Mu kuma muka sare tsamiya."

Bayan sati biyu sai ga ta ta dawo, ba sanarwa, da motar haya cike da jikokinta na ƙauye, manya da ƙanana, wasu ko takalmi babu. Ta ce a kai su wurin matar nan mai leƙa ido. Ita ta tsaya a kansu a layi da sandarta, tana tsawata wa mai kuka. A cikinsu aka sami yarinya ɗaya, 'yar ƙanen Inna, mai ɗauke da ciwon bai kai ga nuna kansa ba. Yanzu tana aji uku a jami'a. Iya ba ta ga shigarta ba, ta rasu kafin nan, Allah ya jiƙanta.

Abin da wannan lamari ya koya min shi ne, tsoro ba ya rasa bayani, kuma bayaninsa yakan zo da wuri, da muryar mutanen da suke ƙaunarka. Ban daina addu'a ba, ban kuma raina waɗanda suka yi mana ita ba, don na yi imani ita ta kai mu inda maganin yake. Amma na koyi cewa in abu ya ba ka tsoro, ka matsa kusa ka dube shi da kyau, ka kai shi wurin wanda zai iya gaya maka sunansa. In kuma an ɗora ka a kan magani, kada ka sake shi a ranar da ya fi ba ka tsoro, ka koma wurin wanda ya ba ka ka ce ga abin da kake gani. A danginmu, shirun da aka yi a kan mutum ɗaya ya kusa cinye mutum uku. Shi ya sa nake ba da labarin nan ga duk wanda zai saurara.